Daga Hannun Wa Zuwa Hannun Wa? Tambayoyi da Amsoshi Kan Silsilar Mallakar Kayan Fasaha da Tsoffin Hotuna

Da wuya ka shiga tsohon gida a Argungu, Gwandu, Jega, Yauri ko Zuru ka rasa wani abin gado: takobi a rataye, Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka, rigar saƙi mai aska takwas, ko hoton dattijo da rawani a jikin bango. Tambayoyin nan su ne suka fi yawan fitowa daga bakin magada, masu ɗaukar hoto, dillalai da ɗalibai game da irin waɗannan kaya. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga masu zurfi.

1. Mece ce silsilar mallaka?

Ita ce tarihin hannayen da abu ya bi tun daga ranar da aka yi shi har ya iso inda yake yau. Wa ya ƙera shi, ko ya zana, ko ya ɗauka? A wane gari, a zamanin wa? Wa ya fara mallakarsa, kuma ta wace hanya ya bar hannunsa: saye, kyauta, gado, jingina, ganimar yaƙi, ko sata?

Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya san wannan tunani. Ba a karɓar matani sai an duba isnadi, wane daga wane, kuma idan an sami yankewa a tsakiya sai a faɗa a fili. Haka masu gidajen tarihi da gidajen gwanjo suke bin kaya. Shi ya sa a kundin gwanjo na kirki za ka ga jerin sunaye da shekaru a ƙarƙashin kowane abu.

2. Ashe ba ɗaya ba ne da sanin abu na gaske ne ko jabu?

Ba ɗaya ba ne, ko da yake suna tafiya tare. Kayan tagulla da hauren giwa da sojojin Ingila suka kwashe daga fadar Benin a 1897 na gaske ne, ba wanda ke musu. Amma silsilarsu ta bi ta ganima, kuma a kan wannan ake jayayya har yau. A ɗaya ɓangaren, kana iya samun tukunyar da aka san duk wanda ya riƙe ta, alhali bara aka gina ta.

Gwajin kimiyya yana iya nuna lokacin da aka gasa yumɓu, ko irin fentin da aka yi zane da shi. Abin da ba zai taɓa faɗa maka ba shi ne ko mai sayarwar yana da haƙƙin sayarwa. Wannan sai silsila. Duba tambaya ta 10 kan yadda maƙaryata ke wasa da duka biyun.

3. Ni ba sayar da kayan kakana zan yi ba. Me ya dame ni da wannan?

Kai ma ya fi damu. Yau kowa a gidanku ya san takobin na wane ne, domin Inna ko Baffa suna raye. Bayan shekara ashirin, jikokinku za su ce “na wani kakanmu ne,” bayan haka kuma sai ya zama tsohon ƙarfe da mai jari-bola zai auna a sikeli. Abin da ke bai wa takobin daraja shi ne sanin wanda ya rataya shi da inda ya je da shi, kuma wannan sanin yana cikin kan mutum ɗaya ko biyu da shekaru suka yi wa nisa.

Akwai kuma rigimar gado. Sau da yawa abin da aka ba mutum ajiya, ko kayan sarauta da ke bin muƙami ba gida ba, sai su cakuɗe da dukiyar mamaci, a raba su ba da sani ba. Layi biyu a rubuce da sun hana zumunci lalacewa. Idan kuma, Allah ya kiyaye, aka yi sata, ba ka da abin nuna wa hukuma sai hoto da bayanin da ka tanada tun da wuri.

Sannan akwai haƙƙin wanda ya yi aikin. A 1991 an baje wasu hotuna daga Bamako a birnin New York da sunan “mai hoton da ba a sani ba.” Da aka bi sawu sai aka tarar da Seydou Keïta yana nan da ransa, da dubban negatif ɗinsa, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi, a ajiye. Yau sunansa ya zagaye duniya. Masu sutudiyo nawa ne suka yi irin wannan aiki a Birnin Kebbi da Yelwa, hotunansu na rataye a ɗakunanmu, ba mu ko tambayi sunansu ba?

4. Waɗanne abubuwa ake karɓa a matsayin hujja?

Rasit, wasiƙa, wasiyya, takardar rabon gado daga kotu, lambar rajista ta gidan tarihi, kundin baje koli, labarin jarida, da hatimin maƙeri ko sa hannun mai zane. Tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira ashirin, da yawansu suna ɗauke da harufan LK da aka danna a jikin yumɓun kafin gashi. Tsohon hoto ma hujja ne: idan alkyabbar da ke akwatinku ta fito a hoton hawan sallah na shekarun 1960, an san aƙalla tana nan tun lokacin, kuma an san a jikin wa.

Kada ka ɓamɓare tsohuwar takarda da ke manne a bayan firam ko ƙasan tukunya don ka ga ta yi datti. Sau da yawa ita ce mafi tsada a jikin abin.

5. Gidanmu ba takarda ko ɗaya, sai labarin baka. Yana da amfani?

Ƙwarai kuwa, kuma kada wani ya raina maka shi. Yawancin tarihin Kabi ta baki ya iso gare mu: daga makaɗan fada, maroƙa, zuriyar maƙera da masunta, da tsoffin mata na cikin gida waɗanda galibi sun fi maza riƙe wa ya auri wa, wa ya ba wa me. Kayan da ke Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da sarakuna suka zauna har 1942 kafin a mai da ita gidan tarihi a 1958, da irin wannan sani ake bayaninsu ga baƙi.

Sai dai labarin baka yana da ladabin ɗauka. Zauna da dattijon, ka kunna rikoda ta waya, ka sa ya faɗi sunansa da dangantakarsa da mai abin, kai kuma ka faɗi ranar. Tambaye shi a fili: “Baba, wannan ganau ne ku ko jiyau?” Idan jiyau ne, daga bakin wa? Ka tambayi mutum biyu ko uku daban-daban, ba a zama ɗaya ba, domin a gaban babba ƙarami ba ya gyara zance. Inda suka saɓa, rubuta duka ruwayoyin. Kada ka zaɓi wadda ta fi ɗaukaka gidanku ka binne ɗayar. Wanda zai zo bayanka yana iya samun hujjar da za ta raba gardamar.

6. Ina da tsohon hoto, ba suna ba kwanan wata. Ta ina zan fara?

Juya bayansa tukuna. Masu sutudiyo kan buga hatimi mai suna da adireshi, kuma adireshin kansa kalanda ne. Yankinmu yana cikin Jihar Arewa maso Yamma daga 1967 zuwa 1976, sannan Jihar Sakkwato, har aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991. Hatimin da ya sa Birnin Kebbi a Jihar Sakkwato ba zai riga 1976 ba. Sai dai mai hoto na iya ci gaba da buga tsohon hatiminsa bayan an sauya, don haka farkon lokacin ya fi ƙarshensa tabbas. Idan an rubuta kuɗin hoton da fam da sule, ka kai shi kafin Janairun 1973, lokacin da naira ta fito.

Sannan ka dubi cikin hoton da natsuwa. Motoci na tafiya ta hannun hagu? To kafin Afrilun 1972 ne. Wani gari ne na bakin kogi a ƙasar Yauri da yanzu ruwa ya shafe? Madatsar Kainji an kammala ta a 1968. Wane sarki ne a zaune, wane gini ne ba a riga an yi ba, wace irin atamfa mata suka ɗaura? Bikin kamun kifi na Argungu a tsarinsa na yanzu ya faro ne a 1934, da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, saboda haka duk hoton bikin da aka ce na 1920 ne, a sake dubawa.

Abin da ka gano ta wannan hanya ƙiyasi ne, kuma da sunan ƙiyasi za ka rubuta shi: “tsakanin 1976 da 1991, bisa hatimi.” Duba tambaya ta 14 kan abin rubutu.

7. Wane ne mai hoto a doka: wanda ke ciki, wanda ya ɗauka, ko mai riƙe da katin?

Mallakar katin daban, haƙƙin bugawa daban. Katin da ka gada naka ne. Haƙƙin sake bugawa da cin kasuwarsa kuwa, a ƙa'ida, yana farawa ne daga wanda ya ɗauka, sai idan akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bai wa hoto kariyar shekara 50, zane da sassaƙa kuma shekara 70 bayan rasuwar mai aikin. Don haka silsilar hoto tana da igiya biyu: ta katin, da ta negatif da wanda ya ɗauka. Katin da aka wanke a zamanin ɗaukar ya fi wanda aka sake wankewa bayan shekaru daraja a wajen masana.

Wanda ke cikin hoton kuma yana da mutuncinsa. Hoton matan gida da aka ɗauka don dangi, ba daidai ba ne jika ya watsa shi ba tare da ya tuntuɓi manya ba, ko da doka ba ta kama shi ba.

8. Hotunan waya da na intanet fa? Su ai ba su da baya da za a juya.

Suna da shi, a ɓoye yake. Waya da kyamara kan rubuta bayanai a cikin fayil ɗin hoton, waɗanda ake kira EXIF: ranar ɗauka, irin na'urar, wani lokaci har da wurin. Matsalar ita ce idan ka tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, ko ka ɗora a Facebook, wanda ya sauke ba zai sami yawancin bayanan ba. Idan kana son su tsira, tura shi a matsayin fayil, kuma ka ajiye na asali ba tare da ka taɓa shi ba. Ka sani kuma ana iya sauya waɗannan bayanai, saboda haka su kaɗai ba sa yanke hukunci.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a yankinmu. Duk lokacin da aka yi ambaliya ko wani tashin hankali, sai tsoffin hotuna daga wata ƙasa su fara yawo da sunan wani ƙauye namu, hankalin mutane ya tashi a kan abin da bai faru a nan ba. Kafin ka tura, sa hoton a Google Lens ko TinEye ka ga inda ya fara fitowa da shekarar. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba, kamfanoni irin su Adobe, Microsoft da BBC sun haɗu a 2021 suka kafa tsarin C2PA, wanda ke liƙa wa hoto tarihin ɗaukarsa da duk gyaran da aka yi masa. Kyamarar Leica M11-P ta 2023 ita ce ta farko da ta fito da shi. Tsarin bai game ko'ina ba tukuna, don haka rashinsa a jikin hoto ba shaidar ƙarya ba ce.

9. Muna da littattafan kakanninmu rubutun hannu. Yaya ake bin tasu silsilar?

A ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar, wannan tambaya ta fi kowace yawa. Abu na farko: mawallafi daban, mai kwafi daban. Littafin Malam Abdullahi da ke gidanku yana iya zama kwafin wani almajiri bayan shekara ɗari, kuma wannan bai rage masa albarka ba, amma dole a faɗa. Duba shafin ƙarshe, inda mai kwafi kan rubuta sunansa, wani lokaci da sunan wanda ya rubuta wa. Duba gefen shafuka da shafin farko don sunayen masu mallaka ko alamar waƙafi. Littafin waƙafi ba na sayarwa ba ne, ko wane ne ya gaje shi.

Ɗaga takarda ɗaya zuwa haske. Idan ka ga alamar jinjirin wata uku a jere, takarda ce irin ta Italiya da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da ita, kuma da ita aka rubuta littattafai da yawa na ƙarni na 19. Roƙona ga magada shi ne kada a raba littafi ɗaya shafi-shafi don kowa ya sami tubarraki. Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, da zarar sun watse ba mai iya mai da su. A ɗauki hoton kowane shafi a raba wa kowa, asalin ya zauna hannu ɗaya. Masana a Gidan Arewa da ke Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato sun saba da irin waɗannan takardu.

10. Ana iya ƙirƙiro silsila ta ƙarya?

Ana yi, har manyan masana sun faɗa tarkon. A Jamus, Wolfgang Beltracchi ya riƙa zana jabun ayyuka, sannan ya sa matarsa ta yi shigar kakarta, ta zauna gaban zanen, ya ɗauke ta hoto da tsohuwar kyamara a kan tsohuwar takarda, don a ce kayan suna gidansu tun da daɗewa. Abin da ya tona shi wani farin fenti ne da bai dace da shekarar da aka jingina wa zanen ba, aka ɗaure shi a 2011. A Ingila kuwa John Drewe cikin ma'ajiyar takardun manyan gidajen tarihi ya riƙa cusa bayanan ƙarya, har aka yanke masa hukunci a 1999.

A kasuwanninmu salon ya fi sauƙi: a binne sabon abu a ƙasa, a turara shi da hayaƙi, a ce “daga gidan wani sarki ya fito, amma sun ce kar a faɗi suna.” Akan kuma manna tsoffin gutsattsarin yumɓu a jikin sabon mutum-mutumi don a ci gwajin kimiyya. Duk dillalin da labarinsa ba shi da suna ko gari da za ka iya zuwa ka tambaya, kuma yana gaggauta ka, riƙe kuɗinka.

11. Me dokar Najeriya ta ce game da saye da sayar da kayan tarihi?

Dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, haka ma wanda ke da muhimmanci kuma aka yi amfani da shi a bikin gargajiya. Makamai, tambura, kayan sarauta da rubuce-rubucen hannu duk suna ciki. Ba a fitar da su ƙasar waje sai da izinin hukumar, kuma ba a cinikinsu sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa. Ajiye kayan gadonka a gidanka ba laifi ba ne.

A duniya kuma akwai yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fataucin kayan al'adu, wadda Najeriya ta shiga a 1972. Saboda ita ne gidajen tarihi da dama ba sa sayen tsohon abu sai an nuna ya bar ƙasarsa kafin 1970, ko ya fita da takardar izini.

12. Mun haƙo mutum-mutumin yumɓu a gona. Wani ya zo yana tayawa. Mu sayar?

A'a. Doka ta ce a sanar da hukumar gidajen tarihi da ƙaramar hukuma. Ku ɗauki hotonsa a inda yake, ku daina haƙa, ku gaya wa mai gari. Zurfin ramin, gawayin da ke kusa, fasassun tukwanen da ke kewaye, su ne ke faɗa wa masu bincike su wane ne suka zauna a wurin da kuma yaushe. Da an fizge shi an sa a buhu, wannan sanin ya tafi har abada.

An riga an yi mana wannan asara. Mutum-mutumin da ake kira na Sakkwato da na Katsina, yawancinsu haƙar ɓoye ce ta fitar da su, shi ya sa abin da aka sani game da mutanen da suka gina su kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na Nok, tsofaffin mutum-mutumin yumɓu da aka fara ganowa a kudancin Kaduna. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari. A shekarar ce aka baje na Nok biyu da na Sakkwato ɗaya a gidan tarihi na Louvre a Faransa, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2002 Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Manomin da ya haƙo irin waɗannan, abin da ya samu bai kai ko ƙurar abin da aka sayar da su a Turai ba.

13. Kayan da aka kwashe zamanin Turawa, silsila na iya dawo da su?

Ita ce ma makamin. A Oktoban 2021 wata kwaleji a Cambridge ta miƙa zakaran tagulla na Benin, jami'ar Aberdeen ta miƙa kan tagulla na wani sarkin Benin. A Yulin 2022 Jamus ta sa hannu kan mai da mallakar kaya sama da 1,000, Holan kuma ta dawo da 119 a 2025. Duk waɗannan sun yiwu ne saboda an iya bin sawun kayan, daga rajista zuwa rajista, har zuwa harin 1897.

Ƙasar Hausa ma ta ga nata a 1903 da shekarun da suka biyo baya: tutoci, sulke, littattafai da wasiƙu sun fita, wasu ganima, wasu kyauta, wasu saye. Ba duka ne na sata ba, kuma faɗin gaskiya a nan yana ƙara wa da'awarmu ƙarfi. Amma masarautar da ba ta rubuta abin da ta rasa ba, da yaushe, da hannun wa, da me za ta nema? Wannan aiki ne da ɗalibai a jami'o'inmu na Birnin Kebbi da Aliero za su iya ɗauka tare da fadodi, ta hanyar da aka bayyana a tambaya ta 5.

14. To, me zan rubuta, kuma a ina?

Sami littafi guda, kowane abu da shafinsa. Rubuta mene ne, da me aka yi shi, tsawo da faɗi, duk rubutu ko alama da ke jikinsa, tabo ko karaya da za a gane shi da ita, wanda ya yi shi, zamaninsa, sannan jerin waɗanda suka riƙe shi. Inda ba a sani ba, rubuta “ba a sani ba.” Giɓi na gaskiya ba ya kashe silsila, amma suna ɗaya na ƙarya yana sa a yi shakkar sauran. Ɗauki hoton abin ta gaba, ta baya da ta ƙasa, da ma'auni a gefensa. Irin wannan bayani ne 'yan sanda ke buƙata idan an yi sata, kuma manhajar ID-Art ta Interpol tana ba mutum damar duba ko abin da ake tallata masa yana cikin jerin kayan sata.

A bayan hoton kati, yi amfani da fensir mai laushi, ba biro ba, domin tawada na ratsawa ta ɓata fuska. Rubuta sunaye daga hagu zuwa dama, cikakku, da sunan gari. “Baba da abokinsa” ba zai amfani jika ba. Kada a yi wa tsohon hoto ko takarda laminatin, zafin da gam ɗin ba sa warwaruwa. A nisanta su da jikin bango saboda gara da danshin damina, a ɗora akwatin a kan wani abu, a riƙa buɗewa ana dubawa. Kwafin littafin da muryoyin da aka naɗa kuma a ba wani ɗan'uwa da ke wani gari ya ajiye, don kada gobara ko ambaliya ɗaya ta haɗa da kayan da bayaninsu.